Famfon Bappa

Jiya famfon maƙwabta ya yi tarin nan na iska, ba ɗigon ruwa, sai na ji kamar an kira ni daga tsakar gidanmu na Jimeta.

Bappa, yayan mahaifinmu, tela ne, kuma duk gidan ba wanda ya kai shi tsokana. Yana da wani kan famfo mai tsatsa da ya tsinto a bola. In lokacin zaɓe ya zo, zafi ya sauka kan gari har kwanon ɗaki yana ƙara, sai ya ɗaure shi jikin sanda ya kafa gindin mangwaro. Ya cusa filo cikin babbar riga ya yi tumbi, ya ja ƙyalle tsakanin kujeru biyu, ya tara mu da yamma. Maƙwabcinmu, wani malamin firamare daga kudancin jihar, yakan dawo daga coci ya tsaya bayansa da laima, shi ne ɗan koren mai girma.

"Jama'a, yau ƙishi ya mutu a garin nan," in ji Bappa. Ya yanke ƙyalle da almakashinsa, ya murɗa famfo. Mu kuma mu tara hannu, mu kurɓi iska, mu yi tafi muna cewa ruwa ya zo.

Wasan yana da doka guda. Duk wanda ya ce ba ruwa, ya zama ɗan adawa, shi zai ɗauki bokiti ya je rijiya ya ɗebo wa gida. Ni kam da wayona, tafina ya fi na kowa ƙarfi. Ƙanena ne ba ya iya haƙuri. Zai cije baki, ya kumbura, can sai ya fashe: "Bappa, wallahi ba ruwa!" Bappa ya nuna shi da almakashi, malam ya kore shi da laima, gida ya kaure da dariya. Sai da na girma na gane Bappa ba don tafinmu yake wasan ba, wannan muryar yake jira.

Ƙanena ya zama malamin makaranta a arewacin jihar. Da 'yan bindiga suka shiga garuruwan can, mutane suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa. Gidanmu ya cika da baƙi har zaure. Kullum ina bakin tasha ina duba fuskoki. Tasa ba ta zo ba, har yau.

Wata yamma Bappa ya ga yaran baƙin sun yi jugum, ya fito da famfonsa. Ya tsufa, filon ma yana zame masa. Ya murɗa, yaran suka kurɓi iska suka yi tafi yadda aka koya musu. Ya tsaya hannunsa kan famfon, yana kallon ƙofa. Ba wanda ya ce ba ruwa. Ya zare filon ya shige ɗaki, bai sake yin wasan ba har ya rasu.

Yanzu ina unguwar Demsawo ni kaɗai. Malam maƙwabcinmu ya koma garinsu, an sayar da gidan, an sare mangwaron. Ina kewarsu, ba kaɗan ba.

Kwanan baya aka zo buɗe mana famfo a unguwa. Rumfa, kiɗa, wani mai tumbin gaske, da mai riƙe masa laima. Aka yanke ƙyalle, aka murɗa. Famfo ya yi tari ya yi shiru. Mutane suka tafa. Na waiga hagu da dama ina neman wanda za mu haɗa ido, ban ga kowa ba.

"Ba ruwa," na ce. Matar da ke kusa da ni ta matsa gefe.

Na san doka. Na koma gida na ɗauki jarkata na nufi rijiya.