Ragon Kawu da Giyar Motar Shagari

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, cikinmu babu komai sai ruwan shayi. Shagari muka nufa, wurin sunan ɗan ƙanena. Malamin makaranta ne aka tura shi can, kuma ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba sai bana. Don haka babu wanda ya yarda a bar shi a gida. Muka yi shatar bas guda, irin tsofaffin nan masu ɗaukar mutum da kaya ba sa ƙorafi.

Babban fasinjanmu kuwa ragon suna ne. Kawunmu ya turke shi tun da aka ce matar ƙanena na da ciki, ya ciyar da shi dusa da harawa har wuyansa ya yi taiɓa. Mun so a kai shi tun ana gobe suna, Kawu ya ce ragonsa ba zai kwana baƙon wuri ya rame ba. Haka kuma ya hana a sa shi a but. Ya zaunar da shi bayan kujerar direba, ya ɗaure shi da hannunsa, don a ganinsa mu 'yan birni ba mu iya ƙulli ba. Can Shagari kuwa liman da maƙwabta za su taru da hantsi, kuma wannan ragon ake jira.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai hagu da dama, shanu na kiwo a gefen kwalta. Gwaggo ta buɗe kwanon masa, direba na ta kukan tsadar mai kamar mu muka ƙara masa kuɗi. Muna cikin haka motar ta yi wani gurnani, giya ta fita da kanta. Direba ya taka kuloci ya mayar. Ba mu yi nisa ba ta sake fita. Daga nan abu ya zama kamar wasa: ya sa lamba uku, ta tofar, ya sa, ta tofar. Ƙarshe ta maƙale a lamba biyu ta ƙi gaba ta ƙi baya. Haka muka riƙa rarrafe, har wani dattijo a kan keke ya wuce mu yana yi mana sannu.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na tuna yadda ƙanena ya sha zuwa sunan 'ya'yan mutane yana murmushin ƙarfin hali, yau ga nasa ya zo, mu kuma za mu bar shi tsaye gaban jama'a babu abin yankawa. Direba ma gumi yake, don ya riga ya yanke cewa giyar ta mutu, sai an sauke ta gaba ɗaya, aikin da ba ya ƙarewa a yini.

Da kyar muka shiga Bodinga muka gangara wani gareji kusa da tasha. Bakaniken na shan kunu, ya ajiye kofi, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Muka yi cirko-cirko muna jiran hukunci. Can sai muka ji dariya na fitowa daga ƙasa.

"Direba, giyakka lahiya lau take," in ji shi. "Amma don Allah wa yaɗ ɗamre igiyag ga nan?"

Ashe a daɓen motar akwai wani rami da tsatsa ta ci. Da Kawu ya nemi wurin ɗauri, ya zura hannu ya laluɓo wani ƙarfe mai ƙwari, ya zarga igiya ya ƙulle tamau. Ƙarfen nan shi ne sandar da ke haɗa hannun direba da giya. Duk sanda rago ya fizgi kai, sai ya cire mana giya. Tun daga Sakkwato mutum biyu ke tuƙa mu ba mu sani ba.

Gareji ya kaure da dariya, har Gwaggo ta zauna a kan tsohuwar taya tana share hawaye. Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni na. Ku yi haƙuri, ɗiyana."

Bakanike ya kwance sandar, ya miƙar da ita da guduma, ya canza wata 'yar roba da ta yage a bakinta. Ya buɗe wurin man giya ya tsoma yatsa, ya fito da shi kusan a bushe, ɗan abin da ya rage ma baƙi ƙirin. Ya yi wa direba faɗa sosai, ya ce kowa na tuna man inji, babu mai tuna na giya sai ta fara kuka. Aka tsiyaye tsohon aka zuba sabo. Mu kuma muka sha fura da nono wurin wata Bafillatana, mai kauri, ga araha idan ka gwada da ta birni.

Muka wuce Sifawa, muka wuce Lambara, mota na shiga giya sumul. Kawu ya rungume ragonsa da hannu biyu, ya kafa wa taga ido. Na san abin da ke cin sa: gani yake ya ɓata wa ƙanena ranarsa.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu isa. Na zaci za mu tarar da tabarmi a naɗe, sai ga ƙofar gida cike. Wani maƙwabci mai kiwo ya so ya ba da aron rago, ƙanena ya gode masa ya ce a ƙara haƙuri. Aka yi ta raba goro da dabino ana riƙe mutane da hira. Muna sauka aka yanka, liman ya yi addu'a, sannan aka sanar da suna. Sunan Kawu ne.

Tsohon nan ya dubi ƙanena. Ƙanena ya durƙusa ya ce, "Kawu, ba rago muka jira ba. Kai muka jira." Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar, ni ma kuma ban iya riƙe nawa ba.

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida da ƙaurin nama a leda, muka iso kafin magariba. Na koyi cewa a riƙa duba man giya tun ba ta yi kuka ba, kuma kada a ɗaura dabba a ƙarfen da ba a san inda ya nufa ba. Kawu kuwa tun daga Shagari yake ba direba labarin yatsun takwaransa. A ƙofar gida ya riƙe hannun direba ya ce ranar kasuwa mai zuwa ya zo ya mayar da shi, bai gama ganin yaron ba.