Patricia Mai Gadin Barcin Yara

Tun ma'aikata ba su gama gaisawa a bakin asibiti ba, Patricia Habila ta riga ta shige ɗakin gwajin ƙwaƙwalwa. A jakarta akwai mataji, da sabulu, da wani tsohon zani mai laushi da ta kawo daga gida. Takan ja labule ta rage hasken ɗakin, sannan ta wanke wayoyin nan sirara kamar zaren saƙa, ta jera su su bushe. Aikinta ta manna su a kan yaro, ta lallaɓa shi ya yi barci, na'ura kuma ta riƙa zana abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi. Likitoci ke karanta zanen, su ne masu binciken abin da ke hana wasu yara magana ko ya jawo musu farfaɗiya. Amma irin zanen da suke nema ba ya fitowa sai yaro ya yi barci, kwantar da shi kuwa aikin Patricia ne.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya ta koma Bogoro. Ni Zinariya ta Ƙofar Ran ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ku tambayi matan da ke zaman layi a ƙofar ɗakin nan. In yarinya ta zo da kitso, Patricia ce ke tsefe shi a hankali, in an gama ta wanke kan, ta sake kitsa mata ko da guda huɗu ne, don kada ta fita titi kai a yamutse. Wani manomi daga wajen Gubi ya rantse wayoyin za su tsotse wa ɗansa hankali. Sai ta cire ɗankwalinta, ta manna su a nata kan.

"Baba, duba, ga tawa ƙwaƙwalwar. Ka ga wannan layin? Tunanin tuwon dare take yi."

Mutumin ya yi dariya har da tari, ya miƙa yaron.

To ga nawa labarin. 'Yata Mas'uda tana aure a Gwallaga, gidan Alhaji Mijinyawa, ɗansa Ashiru take aure. Da ɗansu Mahfuz ya isa yaye aka kawo mini shi, yadda ake kai kowane yaro wurin kakarsa. Ya zo yana kirana "Hajja", yana cewa "ruwa". Bai daɗe da komawa gida ba maganar ta fara zubewa, kalma bayan kalma, har ta ƙare. Sai ya ƙura ido wuri guda, a kira shi bai ji ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da abin ya ƙi, Alhaji Mijinyawa ya zauna a majalisar ƙofar gidansa, rana tsaka, ya ce ai a hannuna aka baro kurwar yaron. Mayya. Ni! Aka hana ni shiga gidan. Matan unguwarmu da na yi wa jariransu wanka suka fara janye 'ya'yansu in na gifta.

Ana nan har aka kai Mahfuz asibiti, aka sa shi cikin yaran da ake bincike a kansu. Mahfuz ba ya yarda a taɓa masa kai. An zo an koma, an zo an koma, yana fizge wayoyi yana ihu. Da wani ma'aikacin ne, da tuni ya ce a kira na gaba. Patricia kuwa durƙusawa ta yi gaban Mas'uda.

"Maman Mahfuz, a ina yaron nan ya taɓa yin barci mai daɗi?"

Mas'uda ta fashe da kuka. "A bayan Hajja."

"An hana," in ji Ashiru.

"Oga, ni ban san da wannan ba. Barci nake nema. In ka yarda, ni zan je in ɗauko ta."

Ashiru ya ce ta je. Bayan an tashi aiki ta hau keke har Ƙofar Ran. Ban yi mata shimfiɗa ba. Na ce su je su nemi wata mayyar. Ta zauna a kan turmi abinta, ta jawo faifan waken da nake tsinta, ta ci gaba da tsintar. Sai da ta gama ta ce, "Mama, ba don su ba. Yaron ya gaji."

Washegari da azahar, a ɗakin gwajin, na goya shi. Ya yi tsawo, ƙafafunsa har gwiwata. Ya sunsuni wuyana, jikinsa ya saki. Patricia tana bayana, hannunta ba ya ko motsin kirki, tana manna waya tana raɗa wata waƙar cocinsu, ni ina yin tawa ta raino. Fanka tana juyawa a hankali. Numfashinsa ya yi nauyi a ƙeyata. Ta yi mini alama in daina jijjiga, in zauna, in dubi gilashin na'urar.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Layuka ne suna tafiya a jere, suna hawa suna sauka kamar ruwan dam ɗin Gubi in iska ta bi ta kansa da yamma. Na ce a raina, ashe nan ka tafi, Mahfuz. Ashe ciki ba shiru ba ne. Na ji kamar in na miƙa hannu zan tsamo kalmominsa suna yawo a ƙasan ruwan. Can sai layukan suka yi tsalle, suka yi tsini kamar ƙaya, suka lafa, suka sake.

"'Yar nan, kin gan ni a ciki?"

"Mama, na'urar nan ba ta ganin mutum."

"To fita ki gaya musu ba ni ba ce."

"Abin da ban gani ba, ba zan faɗa ba. An ɗebi yawun yaron da na iyayensa. Mu jira."

Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan sakamako ya dawo. Na tare ta a hanya, ta ce sirrin iyayen yaro ne, sai sun yarda. Na gaya mata baƙar magana. Ba ta rama ba. Ashe tana can tana bin Ashiru da roƙo ya bari a zaunar da ni da babansa a gaban likita.

Likita ya yi bayani, Patricia ta sauko mana da shi ƙasa. Ta ce kowane ɗa ana saƙa halittarsa ne da zare biyu, na uwa da na uba, kamar ɗinkin hula. Wajen Mahfuz, tun yana ciki, tun allurar farko, wani ɗan zare ya goce. An duba na uwar, lafiya lau. An duba na uban, lafiya lau. Da abinsa ya zo duniya, lokacin bayyanarsa ne ya zo daidai da yaye.

Alhaji Mijinyawa ya ce, "Allah ne masani," ya gyara hularsa ya fita. Ka ji fa. A bainar jama'a ya ɓata ni, a ɗaki mai labule yake so a wanke ni.

Ke ce, Patricia, kika ƙi yi mini ƙarya ranar da nake roƙonki, shi ya sa da gaskiyar ta zo ba wanda ya iya cewa haɗin baki ne. Ke ce kika dubi tsohuwar da ake kauce wa a lungu, kika ga bayan da yaro zai kwanta. Mai hannun sanyi, 'yar Habila. Mahfuz yana shan magani, ƙura idon ya ragu. Bai yi magana ba har yau, wataƙila ba zai yi ba, kin gaya mini wannan ma. Amma yana zuwa gidana.

Na gode, Allah Ya saka miki, Ya sa ki huta lafiya. Wanda zai gaji ɗakin nan, ya gaji haƙurin, ya riƙa tambayar iyaye kafin ya ce a kira na gaba. Masu yaro irin nawa kuma, ku kai shi a duba kansa kafin ku nuna wani da yatsa.

Shekaranjiya Ashiru ya zo ya durƙusa, ya ce ƙanwar Mahfuz, Khairat, ta isa yaye. Na ce zan karɓa. Amma Alhaji Mijinyawa ne zai kawo ta da hannunsa, da rana, ta babban titi, ya tsaya a ƙofar gidana ya yi sallama da ƙarfi har maƙwabta su leƙo. Na share ɗaki, na jiƙa gero. Ina nan zaune.