Orville, Wanda Ya Buɗe wa Mahaifiyata Giya ta Biyu

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata Orville Pruitt zai ɗaga ƙofar garejinsa a nan garin Flint, ya ɗora kofi, ya kunna rediyon da rabonta da kama tasha sosai tun ina firamare. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ko da dusar ƙanƙara ta toshe titi. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, don bayansa ya gaji da shiga ƙarƙashin mota.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba masu gaggawa haushi: ba ya taɓa mota sai ya zauna a gefen mai ita sun zaga unguwa. Ni ma ta ba ni haushi, har ranar da ta kunyata ni.

Da babana Duane ya rasu, ya bar jar motar tsere mai giyar hannu. Shekara ashirin yana tuƙa ta, mahaifiyata Marlene na gefe riƙe da jaka. Sai ta ce da ita za ta riƙa zuwa kabarinsa duk Lahadi. Ta iya tuƙi tun tana yarinya a gona, amma duk sanda ta tashi daga danja ta nemi giya ta biyu, sai hannunta ya faɗa ta huɗu. Mota ta hau kakkarwa, na baya su cika ta da oda. Shekararta saba'in da biyu a lokacin, kuma kakata da mantuwa ta ƙare. Na tsorata ƙwarai, na yanke hukunci ni kaɗai cewa ciwon ya fara, dole in karɓe makulli. Mama ba ta yi musu ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Muka kai motar gareji. Na ce, "Duba ta kawai, Orville, sayarwa za mu yi."

"Za ku, ko za ki?" in ji shi. "Ba ta makullin, Gwen. Ke zauna ki sha kofi, motar ba ta da kujerar mutum uku."

Bayan minti goma suka dawo, yana goge tabarau yana murmushi.

Ya ce, "Hannun Marlene lafiyarsa ƙalau. Maƙeran motar ne suka sa mata ɗan makari a giyabos don tsimin mai. In ka tashi a hankali, sai ya toshe ta biyu ya tura hannunka ta huɗu. In ka take totur, ba ruwansa da kai."

"To ai Baba bai taɓa kuka da ita ba."

"Duane? Mutumin da ke barin danja kamar kare ya biyo shi? Ina zai sani! Mai haƙuri kawai take cuta."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannunta na dama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "Ashe ba ni ba ce."

Ya ɗaga motar, ya jira salansa ta huce. Ya zare wayar da ke gefen giyabos, ya jona mata wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba, wanda zai sa motar ta zaci makarin na nan, ya ɗaure shi nesa da zafi. Aikin ke nan gaba ɗaya. Da ya fito ya ce, "Marlene, 'yar fitilar nan da ke bayan sitiyari za ta ci gaba da cewa ki sa ta huɗu. Shawara ce kawai, irin ta 'yarki. Ki ji, ki wuce."

Orville, mai kunnen jin ciwon ƙarfe, kai ne ka zauna a gefen mahaifiyata ka kalli hannunta, alhali ni da ta haifa daga taga nake leƙenta ina ƙirga kurakurai. Da ka duba injin kawai kamar yadda na ce, da ka same shi lafiya, da na sayar, da ta koma gida ta zauna jiran ciwon da ba ta da shi. Na san ba mu kaɗai ka yi wa irin wannan ba, amma namu na gani da idona.

Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku da za ku gaji sifanarsa, da mu masu tsofaffi a gida, mu ɗauki ɗabi'ar nan: kafin ka ce mutum ya gaza, shiga ka zauna a gefensa ku zaga unguwa.

Shekara shida ke nan, Mama ba ta fasa zuwa wurin Baba ran Lahadi ba. Yanzu ni ce a gefe riƙe da jaka, kuma duk sanda muka bar danja sai ta sa ta biyu ta ɗan kalle ni.