Gutsuren Sola Da Ya Warke A Firij

Wata rana Dakta Barira, malamar fiziks a wata jami'a, ta buɗe firij ɗin ɗakin bincikenta bayan hutun Sallah, ta ɗauko wani ɗan gutsuren farantin sola.

Gutsuren nan ba na wasa ba ne. An yi masa ruwan hasken nukiliya da gangan, don a ga ko irinsa zai jure zama a jikin tauraron ɗan'adam. Hasken yakan tunkuɗe ƙwayoyin zarra daga gurbinsu, ya bar ramuka. Kafin hutu, gutsuren da kyar yake ba da wuta.

Ta auna shi.

Ya warke, kamar ba a taɓa shi ba.

Nan take zuciyarta ta tafi kan Nafi'u, ɗalibinta, wanda digirinsa ya rataya a kan wannan gwaji. Shi ke da ɗaya makullin ɗakin binciken. Kuma shi ne aka taɓa kamawa da satar amsa tun yana ajin farko. Kowa ya manta, ban da Dakta Barira. Ita dama mai hali ba ya fasa halinsa, in ji ta.

Ta zuba masa ido. Ya gaishe ta da fara'a, ta ce borin kunya ne. Ya yi shiru, ta ce rashin gaskiya ne. Ta gama yanke hukunci: ya musanya gutsuren da sabo, gobe za ta kai shi gaban kwamitin kora.

Da yamma ta kira shi.

"Nafi'u, ina gutsurena na asali?"

"Malama, ki juya bayansa. Zanen da kika yi da allura yana nan. Firij ɗin ne bai ga wuta ba tun jajibirin Sallah."

Ta juya. Ga zanenta, a karkace, kamar yadda hannunta ya saba.

Kunya ta rufe ta. Ita ce fa ke koyar da wannan a aji: ana ajiye irin gutsuren a sanyi ne don lahanin ya daskare a inda yake. Da ɗumi ya shigo, ƙwayoyin da aka tunkuɗe sukan samu ƙarfin motsi, su lallaɓa su koma ramukansu. Zafin bazara ya yi aikinsa.

Nafi'u ya ajiye makullin a kan teburinta ya fita. Digiri dai ya samu, amma bai sake neman makullin ba.

Darasi: Lahanin da ya samu damar motsi yakan gyaru. Wanda aka daskarar ne ke zama har abada. Duba zuciyarka, wa ka ajiye a firij da laifinsa na da?

Tura wa wanda har yau yake auna mutane da jiyansu.