Davou da Ƙarfen Baturen Rasha

Yayana Davou ya fi shekara goma yana tsaye a ɗaki guda a Manchester yana yabon wani mutumin Rasha da ya mutu tun ba a haifi kakanmu ba. Da ranar ta zo da zai yabi kansa don ya tsira da aikinsa, sai bakinsa ya mutu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban san wanda na fi jin haushinsa ba, shi ko waɗanda suka yi masa.

Mu 'yan Bukuru ne. Babanmu kuza ya haƙa har ƙirjinsa ya lalace. Davou ne babba, ni Kaneng ni ce auta, kuma duk gidan an san shi ne mai kai. Gwamnati ta tura shi Rasha koyon narkar da ƙarfe, wai in ya dawo zai yi aiki a wata babbar masana'anta da ake ginawa. Ya tafi siriri da akwatin kwano, ya dawo da Rashanci a baki, da takardar injiniya, da wata hular gashi da ba inda zai sa ta. Masana'antar ko cokali ba ta narkar ba. Shekaru ya yi yana zuwa ofis yana share ƙurar injin da ba a taɓa kunnawa ba. Da matarsa Margaret ta samu aikin nas a Manchester, ya biyo ta. Ciwon daji ya ɗauke ta bayan 'yan shekaru, ba su haihu ba, ya zauna shi kaɗai a flat ɗinsu na unguwar Longsight.

A Manchester ɗin, kusa da unguwar Withington, akwai wani tsohon gida da ake kira Ashcombe House. Na wani attajirin masaƙa ne a da, aka mayar da shi gidan kallon kayan tarihi. Aikin shara Davou ya je nema. Suka gan shi ya durƙusa yana karanta rubutun da ke gindin wani dokin ƙarfe, sai suka ba shi gadin ɗakin da dokin yake.

Wanda ya aiko da dokin sunansa Pavel Sukodolov. Na san tarihinsa kamar kawuna ne, don ba a cin tuwo da Davou ba a sako shi ba. Gwamna ne a zamanin sarakunan Rasha, daga baya ya zauna a majalisar sarki. Yana da wuraren narkar da ƙarfe a cikin duwatsu. Ya gina makarantar zane, ya ciyar da masu zane da makaɗa, ya tura 'ya'yan ma'aikatansa Italiya koyon sassaƙa. Ya zo Manchester sayen injuna, ya sauka a gidan mai masaƙar nan, da ya koma sai ya aiko masa da kyauta: dawakai, karnukan farauta, wata mata ɗauke da tulu, duk na baƙin ƙarfe, har da hoton kansa da uban gemu.

Ni mutumin bai taɓa burge ni ba. Wata rana na ce, "Yaya, ba kai ka ce min ma'aikatan nan gadonsu ya yi tare da ƙasar ba, kamar shanu? To ai bayi ne suka zuba maka dokin."

Ya ce, "Na sani, Kaneng. Shi ya sa nake goge shi da kyau. Hannunsu ne a jiki."

Haka yake. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa zai bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙyalle da kakin zuma, don danshin Manchester ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. In 'yan makaranta suka zo, sai ya koya musu yadda ake haɗa yashi a zuba narkakken ƙarfe a ciki. Injiniya guda, a kan albashin mai gadi, kuma wallahi ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ni nake yi masa.

Sai shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu suka zo. Ni a Birmingham nake, a Balsall Heath, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, don haka ba labari aka ba ni ba. Na ga an rufe wuraren da yara ke taruwa. An rage mana lokacin da muke yi da kowane tsoho har ba ka gama sanyaya masa shayi ba a ce ka tashi. Council, wato hukumar gari, ta yanke abin da take ba Ashcombe House, kwamitin gidan ya ce masu gadi sun yi yawa. Aka ce kowa ya sake neman aikinsa, ya zauna interview, ya faɗi dalilin da zai sa a bar shi. Ku ji rainin hankali. Mutum ya tsufa a gidanka, ka ce ya zo ya gabatar da kansa. Davou kuwa saura 'yan shekaru ya kai fansho, in ya rasa wannan ba mai ɗaukarsa.

Na tuƙo mota takanas na zo na zaunar da shi. Na ce, "Yaya, maimaita bayana. Ba wanda ya kai ni sanin ɗakin nan."

"Ni da bakina? Haba, Kaneng. Ai sun gani."

"Ba su gani ba. A ƙasar nan in ba ka faɗa ba, ba ka yi ba."

Ya murza gwiwa. Ya ce zai yi tunani. Na koma Birmingham ina zaton magana ta shiga.

Ashe tunanin da ya yi irin na gida ne. A wurinmu mutum ba ya roƙa wa kansa. Dattawa yake samu su je su gaishe da babba, su faɗi halinsa, su ce ga ɗanmu nan, a duba. Ta haka ya auri Margaret. Ta haka Baba ya mayar da shi makaranta lokacin da aka kore shi a sakandare. Don haka bayan sujada a coci ya ja mutum biyu gefe. Ɗaya Da Gamaliel ne, tsohon hedimasta daga gida, wanda yanzu gadin shago yake yi. A yarenmu "Da" ake kiran dattijo. Ɗayan kuma Alfred, direban tasi, wanda ya taɓa sauke manajar gidan tarihin a ƙofar gidanta, saboda haka ya san wurin.

Ranar Asabar da safe suka sha manyan riguna da huluna, suka ɗauki jakar acca da kwalbar zuma da turmin atamfa, suka ƙwanƙwasa wa matar ƙofa. Clara sunanta. Ta buɗe da kayan zaman gida, jariri a kafaɗa, ta ga maza biyu da ba ta taɓa gani ba, sun san sunanta, sun san gidanta, suna yi mata maganar interview suna miƙa mata jaka. Ta tsorata, ta rufe ƙofa. Ni mace ce, a kan tsoron da ta ji ban ga laifinta ba. Amma kafin Litinin ta ƙare, gaisuwa ta zama cin hanci da barazana, an dakatar da Davou.

Abin da ke ƙona min rai, ba wanda ya zaunar da shi ya ce, malam, mene ne wannan? Gidan da duk shekara suke sa shi ya sa kaftani su ɗauki hotonsa su liƙa a bakin ƙofa don a ga suna da mutane iri-iri. Kaftani suna so. Mutum ɗaya suke neman ragewa, ga shi ya kawo kansa, sun huta da zaɓe.

Wani mutumin union, ƙungiyar ma'aikata, da ya tsaya wa Davou ya ce hanya ɗaya ce ta rage. Wai sai dai Davou ya ce dattawa gaban kansu suka yi, bai sani ba, su kuma su zo wurin zaman da kwamiti zai yi a kan maganar su ba da haƙuri. Ƙarya ce, na sani, ni ma ina zuwa coci. Amma na je gidan Da Gamaliel na durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "'Yata, takardun izinin zamana suna kan sabuntawa. Kin san halin ƙasar nan. Ba na so sunana ya shiga ko'ina."

Alfred ya ce lasisin tasinsa a hannun council yake, yana da yara. Su biyun suka ce za su yi azumi da addu'a. Na ce lokacin da suke naɗe acca ba su tuna da takardu ba? Na faɗa wa Da Gamaliel maganganun da ba a faɗa wa mai furfura, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Mutumin union ya ce ba komai, ko ba su zo ba, Davou dai ya faɗa da bakinsa, zai yi ƙoƙari a tsaya a kan gargaɗi.

A wani ɗaki na sama aka yi zaman. Davou ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Margaret. Shugaban kwamitin ya tambaye shi ko ya san mutanen nan za su je gidan Clara. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Ni na roƙe su. Mutanen kirki ne, ɗayansu ya girme ni, sun bar aikinsu sun je domina. Ba zan ce gaban kansu suka yi ba. Madam Clara, ki yi haƙuri da tsoratar da ke."

Mutumin union ya ajiye biro. Shugaban ya tambaya ko akwai abin da Davou zai ƙara game da aikin da ya yi wa gidan. Na ce a raina, to ga dama, ka faɗa musu, ko kalma ɗaya. Ya miƙe ya gode musu da suka riƙe shi duk shekarun nan, ya zauna. Ji na yi kamar in kwaɗa masa jakata.

Suka kore shi. Ba su ɗauki kowa a madadinsa ba, masu aikin sa-kai ke leƙa ɗakin in an samu. Yanzu yana wurina a Balsall Heath, a ƙaramin ɗakin da nake ajiye kaya a da. Wani mutumin Gana ya samo masa aiki a wurin da ake tara tsoffin ƙarafa, yana ware tagulla daga baƙin ƙarfe a cikin ruwan sama. Maganar Sukodolov kuwa ya daina, ni da na gaji da jinta har ni ke tsokano ta, sai ya ce in bar shi ya ci abinci.

Amma ranar da ba na mantawa ita ce washegarin korar. Ina haɗa jakata zan koma Birmingham, ya ce in taimaka in kai shi wani wuri tukuna. Muka tsaya a wani shago a kan Stockport Road, ya fito da katan biyu na lemo. Na ce na mene ne?

Ya ce, "Ban gajiya. Sun yi min tafiya, ban je na gode ba."

Na kai shi ƙofar gidan Da Gamaliel. Ina kallo ta gilashi ya cire hula, ya rusuna, ya miƙa katan da hannu biyu. Dattijon ya karɓa. Karɓa ya yi, wallahi, har da dafa masa kafaɗa. Ya hango ni ya ɗaga hannu wai in shigo in sha ruwa. Na ɗaga gilashina sama.

Davou ya dawo ya zauna, ya ja bel a hankali.

"Ba ki gaishe da Da ba."

"Ban gaishe shi ba."

Ya gyara ɗayan katan ɗin a cinya. Can ya ce, "Saura gidan Alfred."

Na tada mota.