Ranar da na tsare ƙofar sitag

A kwalej ɗin da na yi koyarwa a Tawa akwai wani mushen Ingilishi (mushe muke ce wa malami), abokina ne na ci da sha. Ɗan Adar ne kamarmu, daga wani ƙauye can bayan Tebaram, amma ya yi horon wata uku a Gana, ya dawo da ƙamus mai kaurin tubali da wata irin tafiya ta ɗaga kafaɗa. Tun daga nan ba a gama hira da shi sai an ji yadda Turawa suke yi.

Da ya tashi aure, wata ma'aikaciyar asibiti ya nema, 'yar birni, wadda aiki ya kawo iyayenta Tawa. Kowa ya yi murna, shi kuwa abu guda ya hana shi sakat. Shi ne ɗan farin mahaifiyarsa, kuma tsohuwar tana riƙe da kunyar ɗan fari irin ta da: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, magana ma sai ta bakin wani. Da aka kai mata zancen auren ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai aiko kawunsa da cewa in Allah ya nufa za ta taka Tawa, garin da ba ta taɓa zuwa ba. Abokina ya ce mini, “In ta zo, ta yarda ke nan. In ba ta zo ba, ban san yadda za ni yi ba.” Ni kaɗai ya gaya wa wannan, don haka ba ni da inda zan ɓuya a cikin labarin nan.

Saura mako guda ɗaurin aure ya shigo ɗakin malamai da ƙamus a hammata, ya ce zai yi sitag. Muka ce mene ne kuma sitag? Ya gyara murya kamar yana gaban 'yan aji. Ya ce asali sunan namijin wata barewa ce ta ƙasar sanyi, mai ƙaho kamar rassan itace. Ana kuma faɗinsa ga mutumin da ya je biki ba mace a gefensa, da bijimin da aka dandaƙe bayan ya girma. Sannan shi ne taron da ango yake yi da abokansa kafin aure, maza zalla.

Mushen lissafi, ɗan makiyaya ne daga Affala mai baki kamar reza, ya ce, “To Mushe, cikinsu wane na kai? Mai ƙahon ko wanda anka dandaƙe?” Da dariya ta lafa ya ƙara da cewa kowace fadar hira a Tawa maza ne zalla ke shan shayi tun kafin a haife mu, ba wanda ya nemo mata suna a ƙamus. Ango ya ce wannan daban ne, wannan yana da doka: ranar ko inuwar mace ba za ta gifta ƙofarsa ba. Daga baya na gane shi ma bai taɓa ganin sitag da idonsa ba, karantawa ya yi.

Aka sa ranar Alhamis, da rana tsaka, don maƙwabcinsa limami ne, ba halin hayaniyar dare. Ni aka ba ƙofa. In faɗi gaskiya, na ji daɗi. Mutumin da yara arba'in ba sa jin tsawarsa, yau ga shi da kujera a bakin zaure da ikon hanawa. Na kori mai fura. Na kori maƙwabciya da ta kawo mana kopto, wato kwaɗon zogale, cikin faranti don zumunci. Har matar mai gidan haya da ta zo kwashe shanyarta na ce ta dawo gobe, ta kalle ni sama da ƙasa ta ja tsaki.

A ciki kuwa maza goma sha biyu, kowa da takardar shaidar karatunsa, sun taru a kan tukunyar shinkafa guda. Ƙasanta ya ƙone, samanta ɗanye, tsakiyarta kunu. Ragon da aka kai wa mahauci ya gasa bai dawo ba. Shayi kawai ake zubawa a kan yunwa, ango yana zagayawa da kwat da laƙataye a wuya yana tambaya ko ana jin daɗi.

Bayan azahar wata tsohuwa ta tsaya a gabana, 'yar ƙarama, da mayafi baƙi da ƙwarya a ka, ƙafafunta futu-futu.

“Sannu ɗana. Nan na gidan?”

“Gidan wa, Inna?”

Ta sunkuyar da kai. “Gidan wancan. Mai koya ma yara.”

“Inna, mu sha biyu na ciki, kowa mushe na. Hwaɗi sunanai.”

Ta yi ɗan murmushi, ta ja mayafi ta rufe baki. “Ai ka sani.”

Ko jaki ne a kujerar nan ya ci ya gane. Ni kuwa, mai koyar da tarihi, wanda aka gaya wa sirrin, na leƙa ƙwaryar na ga cuku, na yanke cewa talla ta kawo. A kaina uwar ango sai ranar Asabar za ta zo, da rakiya, da sabon zane.

“Ba mu sayen cuku, Inna. Kuma yau mace ba ta shiga gidan ga, doka ta.”

“Ko tsohuwa?”

“Ko tsohuwa.”

Can ta ce, “Shi yac ce haka?”

Na buga ƙirji na ce, “Shi da bakinai.”

Ta sauke ƙwaryar a dokin ƙofa, ta ce a shigar da ita, ta juya. Har na yaba wa kaina da na yi mata magana cikin ladabi.

Da na kai ƙwaryar ciki mayunwata suka far mata. Cuku ne mai kyau, da dawo, da man shanu a kwalba, wanda aka juye a kan ƙonanniyar shinkafa. Kafin ango ya fito daga alwala an share komai. Ya tsaya yana kallon ƙwaryar, tsohuwa ce, da ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa. Na ga fuskarsa ta canza.

“Wa ya kawo wagga ƙwarya?”

Ban gama ba shi amsa ba na gane mahaifiyarsa na kora. Motar ƙauyensu sau ɗaya take zuwa a rana, ta iso da hantsi ta koma bayan la'asar. Muka haye moto, laƙatayensa yana dukan fuskata, muka nufi tasha.

Mun same ta a bayan mota, zaune a kan buhu tsakanin kayan mutane. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa da kwat ɗinsa, mutumin da yake gyara wa Turawa Turanci, ya kasa haɗa kalma uku. Ita kuwa ba ta dube shi ba, kamar kullum. Ni ta duba, don ni ne wanin da za a yi magana ta bakinsa.

“Gaya ma abokinka ban yi hushi ba. Na zo, na ga gidan, ƙohwatai da kyau.”

Na ce, “Inna, laihina na, ki sabko don Allah.”

“Ba ka da laihi, ɗana. Abin da anka ce ka hwaɗi shi kah hwaɗi. Gaya mishi a ɗaura, Allah shi sa albarka. Ƙwaryar a ba yarinyar, da ita anka kawo ni gidan ubanai. Cukun da man duk nata na.”

Ban iya ce mata tuni sun shige cikin malamai goma sha biyu ba. Direba ya tada mota, ba ta sauko ba. Abokina ya yi kuka a tashar nan a gaban kowa, ni ma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

An ɗaura auren ranar Asabar, amarya ta karɓi ƙwarya ba komai a ciki. Yanzu suna da yara uku, kuma duk wanda aka haifa can ƙauye ake kai mata shi, don ba ta sake taka Tawa ba. Abokina bai taɓa ɗora mini laifi ba, ai maganarsa na maimaita. Ƙamus ɗin dai ban ƙara ganinsa a hammatarsa ba.

Bayan shekaru na raka shi gaishe ta. Na tsaya a bakin danga na yi sallama, ƙafata ta ƙi shiga. Ashe ta gane muryata. Daga cikin ɗaki ta ce, “Shigo ɗana, nan ba a tambayar suna.”