Hajiya Bebi da Gida Mai Lamba Sha Huɗu

Duk gidan da Hajiya Bebi ta shiga, kafin ta gama amsa gaisuwa ta riga ta gano inda ƙofar baya take. 'Yan Arewa mazauna Greensboro sun san ta da wannan kamar yadda suka san ta da masa. In ana suna ko walima, daga Summerfield har Pleasant Garden, masarta ake ci, ita kuwa tana can kan kujerar da ta fi kusa da mafita, takalmanta a cikin leda a gefenta, ba a bakin ƙofa inda kowa ya tara nasa ba. Mata suna tsokanarta wai kullum kamar mai jiran mota. Sai ta yi murmushi ta ce su ƙara miya.

Shekara bakwai ke nan da zuwanta, lokacin da 'yarta ɗaya tilo, Salwa, ta haifi Anissa. Wata uku aka ce za ta yi ta kula da mai jego, wata ukun ne har yau ba su ƙare ba. Surukinta Garzali, makaniken jirgin sama, mutum ne mai haƙuri. Ya yi mata takardu, ya bar mata ɗakin ƙasa, ya kuma daina ƙorafin ƙaurin mai a labule.

Ba jikar ce kaɗai ta zaunar da ita ba, har da layin da suke. Dama da su 'yan Meziko ne, hagu wata tsohuwa 'yar ƙasa mai karnuka biyu, tsallaken titi 'yan Sudan da 'yan Biyetnam. Babu gida uku a jere da ke ibada iri ɗaya. Wani zai ce ai wannan hargitsi ne. Hajiya Bebi kuwa a nan ta fara yin barci mai nauyi, domin ta ƙirga gidajen ta sake ƙirgawa, ta ga babu waɗanda suka fi yawa. Inda babu masu yawa, a lissafinta, babu wanda zai tashi wata safiya ya ce a je gidan wane.

Ta san abin da take faɗa. A Jos, a rikicin 2001, gidansu ne kaɗai gidan Musulmi a layinsu. Shekara goma sha ɗaya suna zaune lafiya, ana aiko musu da shinkafar Kirsimeti, suna aika naman layya. Ran nan da hantsi ta leƙa ta taga ta ga maza sun shigo layin, na gabansu riƙe da takarda, yana duba ta yana duba lambar gidaje. Mijinta Malam Husaini ya ce ai ya san wasu daga cikinsu, bari ya fita ya yi musu magana. Ya fita ta ƙofar gaba, bai dawo ba. Ita da Salwa, mai shekara tara a lokacin, Baba Nicodemus kafinta ne ya jingina tsani a katangar bayan gidansu, ya ɗora su ya sauke su a tsakar gidansa, ya ɓoye su kwana uku a cikin katakai. Wannan labari ba ta ba kowa shi a Greensboro ba sai mutum ɗaya, Salomi, wadda take kira Maman Choji. Ita ma an ƙone mata gida a wannan makon, a ɗaya ƙarshen Jos, inda su Kirista ne ba su da yawa. Sun haɗu ne a shagon kayan miyar Afirka, kuma ba su taɓa zama sun tantance su wa suka fara ba.

A farkon bazarar nan Garzali ya samu aiki a jihar Utah, a wani gari da ke gindin duwatsu. Albashi mai kyau, gida mai fili. Salwa ta shigo kicin da takarda a hannu tana rawar kai.

"Umma, kin ga mutanen kirki? Ko zuwa ba mu yi ba, matar neighbor ɗinmu na can ta turo mana map na unguwar gaba ɗaya. Kowane gida da sunan family ɗin da ke ciki."

Hajiya Bebi ta goge hannu ta karɓa. Gida arba'in da biyu, kowanne da sunansa a rubuce tsaf. Guda ɗaya ne babu suna, an zagaye shi da jan biro. Lamba sha huɗu.

"Wannan fa?"

"Namu ne. Ta zagaye ne don mu gane shi."

"Sauran duk addininsu ɗaya?"

"Kusan duka 'yan cocin Mormon ne. Haka garin yake, Umma."

Masar da ke kan tanda ta ƙone, abin da bai taɓa faruwa a gidan ba.

Garzali ya yi iya ƙoƙarinsa, amma bawan Allah duk abin da ya faɗa don ya kwantar mata da hankali sai ya ƙara tayar da shi. Ya ce mutanen nan ba sa shan giya, ba sa shan taba, da yawansu ko shayi ba sa sha. Ta ce a ranta, mutumin da ba ya shan shayi da me ake tare shi in ya shigo? Ya ce suna da tsari, kowane gida akwai wanda ke leƙa shi ya ji lafiyarsa. Ta ce wato akwai mai lura da kowace ƙofa. Ya ce har abincin watanni suke tarawa a ƙasan gida saboda bacin rana. Mutanen da suka tara abinci, suka rubuta gidaje, suka san juna kaf, wace rana suke jira?

Ta san ba haka ba ne, wannan shi ne abin haushin. Hankalinta ya yarda da Garzali, jikinta ne ya ƙi. Ta daina cin abinci sosai. Ta ɗauki takardar ta ajiye ƙarƙashin sallayarta, kullum bayan azahar sai ta fito da ita ta sake ƙirgawa, ko Allah zai sa ta ga wani gidan da ba shi da suna. Maman Choji da ta ga takardar sai cewa ta yi, "Hajiya, akwai ɗaki a gidana. Choji ya yi aure, gado yana nan."

Ranar Asabar ɗin loda kaya, Garzali da Salwa suka tafi ɗauko babbar mota, suka bar ta da Anissa a cikin kwalaye. Garzali ya ce wasu za su zo taya su, ita kuwa ta ɗauka abokansa ne na masallaci. Bai gaya mata cewa maƙwabciyar Utah ta kira 'yan cocinsu da ke nan Greensboro ta roƙe su su zo su taimaka ba, domin shi a wurinsa ba wani labari ba ne.

Ƙarfe tara saura ta ji tsayuwar motoci. Ta ɗaga labule. Motoci uku, maza takwas suna fitowa, babu fuskar da ta sani. Na gabansu yana riƙe da takarda. Ya duba ta, ya ɗaga kai ya duba lambar gidan, ya juya ya nuna wa sauran da yatsa.

Hajiya Bebi ba ta yi tunani ba. Ta fizgi hannun Anissa, ta suri ledar takalma, suka fita ta ƙofar kicin. A ƙarshen filin baya akwai wurin da wayar shinge ta saki, ita ce ta sassauta ta da kanta tun shekararta ta farko, ba wanda ya sani. Ta tura yarinyar ta ciki, ta bi ta da rarrafe, waya ta yage mata tafin hannu ba ta ji ba. Suka tsugunna a bayan rumfar ajiyar kayan maƙwabci. Tana jin ana ƙwanƙwasa ƙofar gaba, tana jin muryoyin maza. Anissa ta buɗe baki za ta yi magana, kakar ta toshe shi da hannu, ta matse ta a ƙirji tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta ji ɗumi yana bin zaninta, yarinyar ce ta saki fitsari.

Ba ta san tsawon lokacin da suka yi ba. Muryar Salwa ce ta dawo da ita, tana ƙwala kira, "Umma! Anissa!" Da suka fito, jini ya ɓata fuskar yarinyar daga hannun kakarta. Mazan nan suna tsaye cirko-cirko a bakin titi, ɗaya yana riƙe da kwalin donot, wani dattijo a cikinsu sai ba da haƙuri yake yi bai ma san laifin da ya yi ba. Kafin azahar sun loda gidan gaba ɗaya, sun share ƙasa, ko ruwa da ƙyar suka karɓa. Ita kuwa tana zaune a banɗaki, kunya ta hana ta fitowa.

Da la'asar ta kira Salwa ta ce ba za ta je ba, za ta zauna wajen Maman Choji.

Salwa ta kalli hannun uwarta da aka naɗe da bandeji. "Umma, ni ma ina wurin ran nan. Shekara ashirin na yi ina fitar da abin nan daga jikina. Therapy har na shekara biyu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Yau a minti goma kin zuba wa 'yata shi."

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce. Ta ce, "To kin gani. Gara in yi nisa da ita."

Washegari Lahadi, Maman Choji ta biyo daga coci da ɗankwalinta mai tsayi, ta buɗe bayan mota. Akwati biyu ne kayan Hajiya Bebi. An gama saka su, Garzali ya tayar da babbar mota, aka nemi Anissa aka rasa. Kakar ce ta same ta a kicin ɗin da ba komai a cikinsa, zaune a ƙasa dab da ƙofar baya. Ta cire takalmanta ta saka a leda ta ajiye a gefenta. Takardar unguwar tana shimfiɗe a gabanta, tana bin layukan da yatsa.

"Me kike yi, 'yar gidana?"

"I'm looking for the back door." Yarinyar ba ta ɗago ba. "Kaka, in ba ki zo ba, who's gonna show me where to hide?"

Hajiya Bebi ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta kalli ledar takalman nan, ɗaurin ma irin nata ne, kulli biyu. Tsoron da ta ji jiya a bayan rumfa bai kai wannan ba. Jiya maza takwas ne, sun zo sun tafi. Wannan kuwa zai hau mota ya tafi Utah, ya girma, ya yi aure, ya haihu.

Maman Choji ta shigo ta tsaya a kansu. Ta duba takardar ta sama, ta ce, "Hajiya, wata biyu kina ƙirga gidajen gaba. Ni a Jos ta baya na fita, ke ma ta baya. Wa ke bayan gidan?"

Hajiya Bebi ta jawo takardar. Sau nawa ta dube ta, jan zagayen nan kawai take gani. Ta ɗora yatsa a kan lamba sha huɗu, ta matsa shi sama kaɗan. Gida ne ƙarami, katangarsu ɗaya.

"Karanta mini wannan," ta ce da Anissa.

"Sorensen."

Ta maimaita sunan sau uku har ya zauna a bakinta. Ta tuna cewa Baba Nicodemus ba ranar tsani ya fara saninta ba. Shekara goma sha ɗaya tana miƙa masa masa ta kan katanga duk ranar Juma'a.

Ta kwance ledar, ta saka wa yarinyar takalmanta da hannunta mai ciwo, ta riƙe ta suka fita ta ƙofar gaba.

"Garzali, kashe motar nan. Ina tandata?"

"Hajiya, tana can ciki, bayan firij. Mutanen jiya sun shirya kayan sosai."

"Fito mini da ita."

Kusan sa'a guda ya yi yana sauke abin da maza takwas suka jera, gumi na zuba. Maman Choji ta sauke akwati biyun daga motarta tana share ido da bakin ɗankwali, tana faɗa wai wa zai riƙa yi musu masa yanzu.

Hajiya Bebi ta hau kujerar baya, kusa da ƙofa kamar kullum, tandar a kan cinyarta. Da suka bar layin ta juya tana kallon gidan 'yan Meziko, da na tsohuwa mai karnuka, har suka ɓace.

Anissa ta taɓa hannunta. "Kaka, are you still scared?"

"Ƙwarai kuwa," ta ce. "Amma ke ba aikinki ba ne. In mun isa zan jiƙa shinkafa, da safe ke za ki riƙe kwanon, ni zan ƙwanƙwasa ƙofar gidan Sorensen."